Ko Ka San Injin Gas Na Iya Ƙin Mutuwa Bayan An Zare Makulli?

Duk direban da ke jigilar dawa da masara a ƙaramar mota mai shan gas tsakanin Zuru, Ribah da Bena, ko mai bin hanyar Rijau zuwa Kwantagora, ya haddace cututtukan motarsa. Ƙurar hunturu ta toshe matatar iska, mota ta riƙa baƙin hayaƙi tana kasa hawan tudu. Gas ɗin bumburutu mai ruwa ya lalata nozul. Mai ya ƙare a hanya, iska ta shiga famfo, sai an yi ta bugawa kafin ta tashi. Waɗannan duk yaron mota ma ya san su. Akwai wata cuta da ta fi su ban mamaki: ka kashe mota, ka zare makulli ka sa a aljihu, inji ya ci gaba da ruri, yana ma ƙara wuta.

Sirrin yana cikin yadda aka ƙera injin. Na fetur yana da fulogi, kuma tartsatsin fulogin ne ke kunna mai, don haka da ka murɗa makulli tartsatsi ya ɗauke, magana ta ƙare. Injin gas ba shi da wannan. Fistin ne ke matse iska har ta koma kusan kashi ɗaya cikin 20 na girmanta, zafinta ya haura digiri 500, sai a fesa gas ya kama da kansa. Aikin makulli a nan shi ne rufe hanyar gas kawai. To, idan injin ya samo wani abin ƙonawa ta wata ƙofar fa?

Yana kuwa samu, domin baƙin man da ke cikinsa ma abinci ne a wurinsa. Idan abin da ke tare mai a cikin turbo ya cinye, ko ringi suka gaji, ko aka cika baƙin mai ya wuce layi, man sai ya bi hanyar iska ya faɗa inda ake ƙonawa. Inji ya ƙara gudu, gudun ya ƙara janyo mai, man ya ƙara gudu. Totur ba ya hannunka, makulli ba ya hannunka. Haka zai yi ta yi har ya shanye mansa ya ƙone, ko wani ƙarfe ya fasa cikinsa ya fito. Na taɓa ganin haka a wani gareji a nan Zuru: hayaƙi ya rufe layin gaba ɗaya, masu sayar da abinci suka watse, wani tsohon bakanike ne kaɗai ya nufi motar da guntun katako a hannu. Ya cire robar iska, ya kifa katakon a bakin bututun, injin ya shaƙe ya yi shiru.

Wannan rashin zaɓen abinci tun asali yake. Rudolf Diesel, Bajamushen da injin ke ɗauke da sunansa, ya samu injinsa ya yi aiki sosai a 1897 a garin Augsburg. A babban baje kolin birnin Paris na 1900 kuwa, an nuna wani ƙaramin injin irin nasa yana aiki da man gyaɗa zalla! Gwamnatin Faransa ce ta nemi a gwada, saboda gyaɗa na yi sosai a ƙasashen Afirka da ta mallaka. Wato man da ake matsewa wajen yin ƙuliƙuli ya taɓa juya inji a gaban manyan Turai.

Abin yakan wuce asarar inji. A 2005, a matatar mai ta Texas City da ke Amurka, tururin mai ya bazu a iska, wata motar gas da aka bari a kunne ta shaƙe shi, aka ji injinta ya ɗau ruri. Masu bincike sun fi zargin ita ce ta kunna wutar da ta kashe mutum 15. Irin wannan haɗarin ne ya sa a wuraren haƙar mai ake sa wa injunan gas wani murfi da ke datse iska nan take.

In ta same ka, hanya biyu ce. Ka taka birki da ƙarfi, ka sa giya mafi girma, ka saki kuloci, injin zai tuƙe ya mutu. Ko ka toshe masa iska da katako ko wani abu mai tauri. Kada ka kuskura ka sa tafin hannu, kuma tsumma mara kauri zai haɗiye shi ne.

Cutar ba ta zuwa ba sallama. Shuɗin hayaƙi, kukan turbo da ya sauya, maiƙo a cikin robar iska, baƙin mai na raguwa alhali ba ɗigo a ƙasa, duk gargaɗi ne. Wanda ya fi ruɗar direbobi shi ne su ja ma'auni su ga man ya ƙaru da kansa, su yi murna. Gas ne ke zurarewa cikinsa yana tsinka shi, kuma irin wannan man ya fi saurin bin iska. Ranar da ka ga haka, kai ta gareji kafin ka yi lodi.