Gwajin Gini a Kwamfuta Kafin a Aza Tubali

Duk malamin da ya taɓa koyarwa a aji mai rufin kwano da tsakar rana a watan Afrilu ya san yadda zafi ke cin hankalin ɗalibai: gumi na zuba, gyangyaɗi ya kama na baya, darasi ya tafi a banza. Ba wai rana ce kaɗai ke da laifi ba, domin yadda aka tsara ginin shi ke sa ɗaki ya tara zafi ko ya kore shi. Wannan ne ya sa masana zanen gine-gine suka ƙirƙiro hanyar gwada gini a cikin kwamfuta tun yana zane a takarda.

Ma'anar Gwajin

Abin da ake nufi da wannan gwaji shi ne a zana surar gini a cikin wata manhaja, a shaida mata tsawo da fāɗin kowane ɗaki, da kayan da za a yi bango da rufi da su, da girman tagogi da inda suka fuskanta, da yawan mutane da fitilu da fankokin da za su kasance ciki. Daga nan sai a haɗa mata da bayanan yanayin garin, wato zafi da raɓa da iska da ƙarfin rana, awa bayan awa, na awoyi 8,760 da ke cikin shekara. Manhajar za ta lissafa zafin da ke shiga da wanda ke fita, ta faɗi yadda ɗakin zai kasance da ƙarfe biyun rana ko ƙarfe biyun dare, da kuma wutar lantarkin da za a sha wajen sanyaya shi. Idan sakamakon bai yi daɗi ba, sai a juya fuskar ginin, ko a ƙara kaurin bango, a sake gwadawa, ba tare da an yi asarar buhun siminti ko ɗaya ba. Daga cikin fitattun manhajojin akwai EnergyPlus, wadda Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta fitar a 2001, da DesignBuilder ta Ingila, wadda ke aiki da lissafin ta farkon.

Gine-ginen Zariya

Zariya wuri ne da ya dace da irin wannan nazari, domin nau'o'in gini daban-daban suna zaune kafaɗa da kafaɗa. A cikin birni akwai soraye na ƙasa, kuma babban misalinsu shi ne Masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, zamanin Sarki Abdulkarimu. A Sabon Gari, wanda ya bunƙasa bayan isowar jirgin ƙasa a farkon ƙarni na 20, kwano ya samu gindin zama, daga baya bulon siminti ya biyo. A Samaru kuwa akwai benayen kankare na Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, kuma a nan ne sashen koyar da zanen gine-gine mafi daɗewa a Nijeriya yake.

Yanayin garin ma yana da fuska fiye da ɗaya. Da bazara zafin rana kan haura digiri 35, da hunturu kuma sanyin dare kan sauka ƙasa da digiri 15. Bangon tubali mai kauri yakan shanye zafin rana a hankali, sai bayan awoyi da dama zafin ya ratsa zuwa ciki. Shi ya sa zaure ke da sanyi da azahar, ɗakin soro kuma ke da ɗumi a daren hunturu. Kwano kuwa ba ya riƙe komai, da zarar rana ta buge shi sai ya aika zafin kan na ƙasa da shi, musamman inda babu silin. Amma fa kada a ɗauka soro ba shi da aibi. Zafin da bango ya tara da rana da dare yake sakin sa, wanda shi ya sa mutanen da ke kwana a tsakar gida a lokacin bazara. Magina na gargajiya sun san duk wannan tun kaka da kakanni. Abin da kwamfuta ta ƙara shi ne alƙaluma, ta yadda za a iya cewa kauri kaza ya isa, taga kaza ta yi yawa.

Wani abin da gwajin ke fitowa da shi fili shi ne tafiyar rana. Zariya tana kusan digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka rana na bi ta sama sosai. Bangon kudu da na arewa ana iya kāre su da ɗan zurfin baki na rufi ko baranda, amma na gabas da na yamma suna shan ranar hantsi da ta la'asar kai tsaye. Don haka jerin azuzuwan da ya miƙe daga gabas zuwa yamma, tagoginsa na kallon kudu da arewa, ya fi wanda aka gicciya sanyi, alhali kuɗin gininsu ɗaya ne.

Doka da Iyakar Gwajin

A 2017 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine. Cikin tanade-tanadenta akwai cewa tagogi kada su wuce kashi 20 cikin ɗari na fāɗin bango, in kuwa sun wuce to a yi musu inuwa. Ta kuma yarda mai zane ya nuna ya cika sharuɗɗan ta hanyar gwajin kwamfuta.

Sai dai kwamfuta abin da aka ba ta shi take sarrafawa. Jadawalin kayan ginin da ke zuwa tare da manhajojin ya fi karkata ga kayan Turai da Amurka, don haka mai bincike ba zai tarar da tubali da azara da makuba a shirye ba, sai ya auna halayensu da kansa ya shigar. Haka nan idan ba a gyara mata ba, manhajar za ta ɗauka wuta ba ta ɗaukewa, na'urar sanyaya ɗaki na aiki dare da rana. Ajin firamare a Samaru mai yara fiye da ƙima, wanda ko fanka babu, tambayar da ta dace a yi wa kwamfuta a kansa ita ce: awa nawa a shekara ɗakin zai yi zafin da yaro ba zai iya karatu a ciki ba.