Wasannin Yara da Kaka

Kaka ta zo. An yanke gero a ƙasar Sabon Birni da Isa, an kai dammuna rumbu. Yanzu yara sun sami sarari.

Da rana su kan tafi kala a gona. Zangarniyar da yaro ya tsinta tasa ce. Su kan kama fara, su ƙera mota da karan dawa. Da farin wata maza su yi langa da kokawa a dandali, mata su yi gaɗa.

Amma iyaye, ku kula. Daji ba lafiya saboda 'yan bindiga, kada yaro ya tafi gona mai nisa. Kada kuma a gasa fara kusa da rumbu. Kara ya bushe, ga iska. Tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye abincin shekara.