Sabon Badun: Yadda Amana Ta Haɗa Kan Baƙi

Duk falken da ya taɓa koro shanu daga Sakkwato, ya bi ta Kontagora da Jebba ya gangaro Kurmi, ya san wahalar hanya ba ta kai ta sayarwa ba. Saniyar Arewa ba ta jure cizon ƙudan tsando, in ta daɗe a Kurmi sai ta rame ta mutu. Mahautan Badun kuwa galibi bashi suke ɗauka, sai sun sayar da nama su biya. To, yaya baƙo zai miƙa dukiyarsa ga wanda bai taɓa gani ba, babu takarda?

Amsar tana unguwar Sabo, wadda aka keɓe wa Hausawan Badun a 1916. Shugabanninta, watau Sarkin Sabo da masu gidajen saukar fatake, sun ɗora jama'a a kan manufa guda: kada dukiyar baƙo ta salwanta a hannunsu. Falke ya sauka wurin maigida, ya ci ya kwana. Maigida ya haɗa shi da dillali, wanda ya san mahaucin da ke biya da wanda ke taurin bashi. In mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai biya daga aljihunsa, sauran masu gida kuma su daina ba mahaucin nan shanu. Rigima in ta taso, sai gaban Sarki. Tun daga malamin lissafi har yaron da ke tsaron shanu, kowa ya san in amana ta karye, abincin kowa ya yanke.

An gwada ƙarfin wannan shiri a farkon shekarun 1950, lokacin da siyasar jam'iyyu ta kunno kai, ikon da hukuma ta ba Sarkin Sabo ya fara raguwa. Maimakon jama'a ta watse, sai ta ƙara dunƙulewa. Mafi yawansu suka shiga ɗariƙar Tijjaniyya, a 1952 kuma suka fara sallar Juma'a a masallacinsu na Sabo. Wani masani daga Ingila, Abner Cohen, wanda ya zauna da su a 1962 zuwa 1963, ya tarar da mutum fiye da 4,000 suna riƙe da cinikin shanu da na goro a wannan babban birni.

Yau ƙungiyoyin 'yan Arewa sun cika Ikko, Shagamu da Fatakwal, amma da yawa daga kafawa sai rigimar kujera da kuɗin asusu. Shugaban da ke son a bi shi, lalle ya fara faɗa wa jama'a abin da ya tara su, sa'an nan ya zama shi ne na farko da zai yi asara dominsa, kamar maigidan Sabo. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.