Rikicin kuɗin haƙƙin waƙa a rediyon intanet: Yadda ma'auni ya durƙusar da ƙananan tashoshi a Amurka

 

A ranar Talata 26 ga Yuni, 2007, dubban tashoshin rediyon intanet a Amurka suka ɗauke sautinsu. Wanda ya buɗe tashar da ya saba saurare sai ya tarar da shiru, ko kuwa sanarwa mai roƙonsa ya kira ɗan majalisar mazaɓarsa ya kai kuka. Masu tashoshin sun sa wa ranar suna Ranar Shiru, kuma abin da ya fusata su shi ne sabon farashin da aka yanke musu na kuɗin haƙƙin waƙoƙin da suke watsawa, wanda suka ce biyansa zai rufe su baki ɗaya.

Wannan rikici ya shafe shekaru sama da 20 yana tashi yana kwanciya. Ya kamata mai karatu ya san shi, domin a yau ɗalibin da ke da waya da data yana iya buɗe tasha daga ɗakin kwanansa, ya watsa muryar wani mutum zuwa ko'ina a duniya. Da zarar ya yi haka, tambaya biyu sun hau kansa: mene ne haƙƙin mai muryar, kuma nawa ne adalci a biya shi?

Inda gizo ke saƙa

A dokar Amurka, kowace waƙa da aka naɗa tana ɗauke da haƙƙi iri biyu. Na farko haƙƙin wanda ya tsara baitoci da karin waƙar. Na biyu haƙƙin faifan kansa, wato na wanda ya rera da kamfanin da ya kashe kuɗi aka naɗa. Gidajen rediyon AM da FM sun daɗe suna biyan na farko ta hannun ƙungiyoyi irin su ASCAP da BMI, amma doka ba ta taɓa wajabta musu biyan na biyu ba. Hujjarsu ita ce sanya waƙa a rediyo talla ce ga mawaƙi, tunda ita ke sa jama'a su sayi faifansa.

Da intanet ta kunno kai, kamfanonin faifai suka ji tsoron cewa mai sauraro zai daina saye idan yana samun tsaftataccen sauti a kwamfutarsa. Sai Majalisar Dokokin Amurka ta yi doka a 1995, ta faɗaɗa ta a 1998, ta ce duk mai watsa faifai ta intanet sai ya biya masu faifan. Dokar ta kuma ba mai tasha wani sauƙi: ba sai ya bi kamfanoni ɗaya bayan ɗaya yana neman izini ba. Yana da lasisi na bai-ɗaya, muddin ya biya farashin da hukuma ta yanke kuma ya kiyaye sharuɗɗa. Daga cikinsu, mai sauraro ba shi ne zai zaɓi waƙar da za a sa masa ba, kuma tasha ba za ta sa fiye da waƙa huɗu na mawaƙi ɗaya cikin awa uku ba.

Ƙungiyar SoundExchange ce ke karɓar kuɗin ta raba: kashi 50 cikin 100 ga mai faifan, kashi 45 ga mawaƙin da sunansa ke kan faifan, kashi 5 ga 'yan amshi da makaɗan da suka taya aiki. Tun daga nan aka haifi bambancin da har yau ake ƙorafi a kai. Waƙa ɗaya, murya ɗaya, idan ta fita ta eriya ba a bin tasha ko sisi na haƙƙin faifai, idan kuwa ta bi ta intanet sai an biya.

Ma'aunin da ya jawo kuka

Yawancin masu tashoshin ba su yi musun cewa akwai haƙƙi a kansu ba. Gardamar ta tsaya ne a kan mudun da za a auna da shi. Hukuma ta zaɓi ƙidaya kowace waƙa sau adadin kunnuwan da suka ji ta. Idan mutum 100 suna saurare lokacin da aka sa waƙa ɗaya, an yi sauraro 100 ke nan, kuma kowanne da kuɗinsa.

A 2002, kwamitin sasantawa ya ba da shawarar senti 14 na dala a kan kowane sauraro 100. Da kuka ya yi yawa, aka rage zuwa senti 7, sannan a ƙarshen shekarar Majalisa ta buɗe wa ƙananan tashoshi ƙofar biyan wani kaso na kuɗin shigarsu, tsakanin kashi 10 zuwa 12 cikin 100. A 2004 aka kafa kwamitin alƙalai uku na dindindin domin yanke farashi. A watan Maris na 2007 alƙalan suka yanke cewa farashin zai fara daga senti 8 na shekarar 2006, wadda ta riga ta wuce, ya riƙa hawa har ya kai senti 19 a 2010. Suka ƙara da dala 500 a shekara a matsayin mafi ƙarancin kuɗi kan kowace tasha, kuma ba su ware wa ƙananan 'yan kasuwa tsarin kason kuɗin shiga ba.

Senti 19 kamar ba komai ba ne, sai an yi lissafi. A ƙaddara tasha tana da masu sauraro 500 a kowane lokaci, tana sa waƙa 15 a awa, dare da rana. A awa ɗaya ta tara sauraro 7,500, a yini 180,000, a shekara miliyan 65 da dubu 700. Kuɗin da ke kanta ya kusa dala 125,000, ko ta samu talla ko ba ta samu ba. Gidan rediyon FM idan masu sauraronsa suka ninka, kuɗin tallarsa ne ke ƙaruwa, kuɗin kunna eriya yana nan yadda yake. Mai tashar intanet kuwa, kowane sabon mai sauraro sabon bashi ne. Karɓuwar tashar ita ce ke karya ta.

Ba ƙananan tashoshi kaɗai abin ya taɓa ba. A 2008, Tim Westergren, ɗaya daga waɗanda suka kafa Pandora, ya bayyana cewa kamfanin na dab da rufewa, domin kuɗin haƙƙi na shirin lashe kusan kashi 70 cikin 100 na abin da yake samu. Ɓangaren mawaƙa ma suna da tasu hujja mai ƙarfi: cinikin faifai ya faɗi warwas a waɗannan shekaru, kuma ba daidai ba ne wani ya gina kasuwanci a kan gumin mutum sannan ya ce masa ya yi haƙuri sai an fara cin riba.

Sulhu mai wa'adi

Majalisa ta yi dokoki a 2008 da 2009 da suka ba ɓangarorin damar sasantawa a wajen hukuncin alƙalan. A watan Yuli na 2009 aka cimma yarjejeniya: manyan tashoshi irin Pandora za su biya kashi 25 cikin 100 na kuɗin shigarsu ko rangwamen farashin sauraro, duk wanda ya fi yawa, ƙanana kuma suka koma biyan kaso daidai ƙarfinsu. Sai dai yarjejeniyar tana da wa'adi, kuma ya cika a ƙarshen 2015.

A watan Disamba na 2015 alƙalan suka yanke senti 17 kan sauraro 100 ga tashoshin da ake saurare kyauta, ba tare da wani tanadi ga ƙananan 'yan kasuwa ba. Ranar 31 ga Janairu, 2016, Live365, dandalin da tun 1999 yake ɗauke da dubban ƙananan tashoshi, ya rufe bayan masu zuba jari sun janye, kuma sai a 2017 ya dawo a hannun wasu masu shi. A 2021 farashin ya hau zuwa senti 21, mafi ƙarancin kuɗin shekara kuma ya koma dala 1,000.

Hatta tashoshin addini marasa neman riba ba su tsira ba. Tsarin ya ba su damar biyan mafi ƙarancin kuɗin kawai matuƙar jimillar awannin sauraronsu ba ta wuce 159,140 a wata ba, wato kimanin mutum 218 a kowane lokaci. Abin da ya haura haka sai su biya da farashin 'yan kasuwa. Ƙungiyar masu tashoshin addinin Kirista ta kai ƙara tana cewa rediyon jama'a na NPR yana biyan ƙasa da haka ta wata yarjejeniya ta daban. Kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da ƙarar a 2023, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraronta a 2024.

Abin da fiƙihu ya riga ya tattauna

Hukuncin kiɗa da waƙa mas'ala ce mai zaman kanta, kuma maganganun malamai a kanta sanannu ne. Amma tambayar haƙƙi ta zarce kiɗa, domin ta shafi duk wata murya da aka naɗa: karatun Alƙur'ani, ƙasida, darasi ko littafin da aka karanta.

Jumhurun malamai, Malikawa da Shafi'awa da Hambalawa, sun ɗauki amfanin abu a matsayin dukiya, ko da ba a iya riƙe shi da hannu. A kan wannan turba Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar a Kuwait cikin Disamba 1988, ta zartar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira mallakar masu su ne, suna da ƙima ta kuɗi a al'adar zamani, kuma keta su bai halatta ba. Akwai malaman da suka saɓa, musamman game da ilimin addini, don gudun ɓoye ilimi. Amma fatawar ta nuna cewa sauƙin kwafar abu ba ya mayar da shi na kowa.

Ɗaya gefen kuma shi ne babin ƙayyade farashi. Asali a bar kasuwa ta yi halinta, kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya ƙi yanke farashi a Madina lokacin da kaya suka yi tsada. Sai dai malamai irin su Ibnu Taimiyya sun bayyana cewa idan kaya suka taru a hannun 'yan tsiraru kuma jama'a na buƙata, hukuma na iya tilasta sayarwa da farashin da ya dace. Ibnu Habib, daga manyan Malikawa, ya ba da hanyar yin haka: shugaba ya tara manyan 'yan kasuwar da wasu amintattu, ya binciki yadda suke saye da sayarwa, ya tsayar da abin da zai bar wa mai kaya riba kuma bai cutar da jama'a ba. Idan aka ɗora lasisin Amurka a kan wannan sikeli, an kiyaye haƙƙin mai kaya, amma mudu ɗaya aka auna wa babban kamfani da mai tashar ɗaki ɗaya, aka kuma ɗauke wa masu eriya nauyin gaba ɗaya. Tashar da ta rufe ba ta biyan kowa komai, kuma mawaƙan da manyan gidaje ba sa sa waƙarsu su ne suka fi rasa mafita.

Ga mai niyyar buɗe tasha

Mu ma ba baƙin irin wannan rikici ba ne. A ƙarshen 2013, ƙungiyoyin gidajen rediyo da talabijin na Nijeriya sun ƙaurace wa waƙoƙin wasu mambobin COSON saboda saɓani kan kuɗin haƙƙi, sai a 2014 aka sasanta. A watan Maris na 2023 kuma aka sa hannu a kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka, wadda ta shafi abin da ake watsawa ta intanet.

Don haka, ɗan'uwa ɗalibi, kafin ka watsa muryar wani, ka san wane ne mai faifan, domin sau da yawa mai karatu daban ne, wanda ya naɗa daban. Ka nemi izini a rubuce, a fayyace ko kyauta ne ko da biya, da tsawon wa'adi, da ko an yarda ka sa talla a gefensa. Idan da biya, ka nemi a ɗaura shi a kan abin da tashar ke samu, kada ka sa hannu a kan farashin da zai ƙaru fiye da ƙarfinka. Kai kuma mai murya, idan ka yi nufin aikinka ya zama sadaka, ka faɗa a sarari tun kana raye, don kada ka bar wa magada da ɗalibai gardama. Idan kuwa kana son haƙƙinka, ka nema da sassauci, ka bambanta mai kasuwanci da muryarka da wanda yake isar da ita ga jama'a don Allah.

Allah Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinSa, Ya sa mu cika mudu idan muka auna. Allah ne Mafi sani.