ASKIRIM BA FIRIJ: YADDA GISHIRI YA FITAR DA NI KUNYA

Yau shirin namu daga madafi zai fito.

Cikin daminar nan Autarmu ta cika shekara 10. Mu a gidanmu nan Mahuta ba mu saba bikin zagayowar ranar haihuwa ba, amma yarinya ta ce, "Yaya, ni askirim kawai nake so." Na ce an gama. Sai daga baya na tuna kwana uku rabonmu da wuta, kuma in na sayo a Funtua, kafin in iso gida ya zama ruwa. To alkawari kaya ne, dole in haɗa da kaina.

Gwajin farko, ana jibi bikin, na tsoma kwanon madara cikin ƙanƙara zalla. Awa guda ina juyawa, wallahi sai kunu mai sanyi na samu.

Ga dalili. Ƙanƙara tana narkewa ne a digiri 0, ita kuwa madarar da aka sa wa sukari ba ta daskarewa sai sanyi ya sauka ƙasa da haka. Kun ga ƙanƙara ita kaɗai ba za ta iya ba. Amma in ka zuba mata gishiri, yana tilasta mata narkewa, narkewar nan kuma tana zuƙe zafin duk abin da ke kusa. Ruwan gishirin zai iya sauka har kusan digiri 21 ƙasa da sifili. Dabarar ta girmi firij. Tun 1843 wata mata a Amurka, Nancy Johnson, ta yi rajistar injin askirim na juyawa da hannu, kuma da ƙanƙara da gishiri yake aiki.

Kayan haɗi: madarar shanu lita 1, gwaiduwar ƙwan zabi 6 (na kaza 4 sun isa), sukari gwangwanin madara 1, da dabino in kana so. Damina ce, ga madara ga ƙwan zabi.

Fara tafasa madarar. Wannan ba zaɓi ba ne, domin ɗanyar madara tana iya ɗauko cuta irin tarin fuka daga saniya, kuma sanyi ba ya kashe ta. Kaɗa gwaiduwa da sukari, ka riƙa zuba madara mai zafi kaɗan-kaɗan kana juyawa, don kada ƙwan ya dunƙule. Mayar kan wuta marar ƙarfi har ya ɗan yi kauri ya kama bayan cokali. Kada ya sake tafasa. Sauke, ka bari ya huce sarai.

Sai ka juye a kwanon silba mai murfi, ba roba ba, don ƙarfe ya fi saurin ɗaukar sanyi. Sa shi tsakiyar bokiti, ka kewaye shi da dakakkiyar ƙanƙara, duk kofi 5 na ƙanƙara kofi 1 na gishiri. Rufa buhu a kai. Ka riƙa jujjuya kwanon, duk minti 5 ka goge murfin, ka buɗe, ka kankare wanda ya kama gefe ka gauraya. Juyawar nan ita ke hana shi zama dutse, ita ke shigar da iska ya yi laushi. Namu ya ɗauki wajen minti 40.

Abu uku a kiyaye. Ruwan bokitin kada ya shiga kwano, ga gishiri, ga shi ba ka san ruwan da aka yi ƙanƙarar da shi ba. Ka naɗe hannu da tsumma, sanyin yana ƙuna. In an gama kuma kada a zubar da ruwan a gindin shuka, zai kashe ta.

Ranar biki yara suka yi layi, kowa sai ya juya. Inna da ta ce ɓarnar gishiri nake yi, ita ta fara miƙo kofi a ƙara mata. Auta kuwa har yau tana faɗa wa ƙawayenta wai da gishiri ake yin askirim, suna ƙaryata ta.

Wanda ya gwada, ya faɗa mana yadda ta kaya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.