Lambun Gida a Lokacin Hunturu

Hunturu, wato daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin da lambu ya fi yin albarka a ƙasar Hausa. A Turai sanyi abokin gabar mai lambu ne, domin ƙanƙara tana kashe ganye, sai an killace shuka a ɗakin gilashi ko na leda. A nan kuwa sanyin ba ya kaiwa can. A Kano, cikin Disamba da Janairu, awon zafi kan sauka zuwa wajen digiri 13 da dare, da rana ya tashi zuwa kusan 30. Irin yanayin da tumatir, albasa, karas, kabeji, latas da lansir suke so ke nan. Shi ya sa manoman rani na Kadawa da Kura, masu ban-ruwa daga madatsar Tiga, da manoman albasa na Aliero da Galmi, suke ɗora aikinsu a kan waɗannan watanni. Mai ɗan fili a bayan ɗaki ma da rabonsa a cikin wannan sanyi.

Sai dai sanyin ɗan taƙi ne, wanda ya makara kuwa ya yi asara. Tumatir ya isa misali. Ana yafa irinsa a Oktoba, a raine shi mako huɗu zuwa biyar, sannan a yi dashe da yamma, lokacin da rana ta yi sanyi. Manufar ita ce ya yi fure cikin tsakiyar hunturu, domin idan zafin bazara ya shigo, dare ya daina sanyi, furen kakkaɓewa yake yi ba tare da ya ƙulla ɗa ba. Latas ma haka: da ya ji zafi sai ya miƙe ya fitar da kai, ganyen ya yi ɗaci. Albasa takan daɗe a wurin reno, mako shida zuwa takwas. Karas kuwa ba a dasa shi. Inda aka shuka shi nan zai zauna, a ƙasa mai laushi wadda ba tsakuwa, in ba haka ba saiwar ta karkace ko ta rabu biyu.

Babbar matsalar hunturu bushewa ce. Iskar da ke kaɗowa daga Sahara ba ta ɗauke da laima, kuma nan da nan take tsotse danshin ƙasa. Tun zamanin jigo masu lambun fadama suka san maganin abin: a yi fangali mai ɗan zurfi da kunya a kewaye, ruwa ya kwanta a gindin shuka maimakon ya malale. A cikin gida ana ƙara wa wannan da shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa a kan ƙasa. Ban-ruwa da sassafe ko da yamma ya fi. Ruwan wankin hatsi ba laifi, amma na wanki mai omo yana lalata ƙasa sannu a hankali. Dangar kara ko zana ta gefen arewa maso gabas tana tare iska da ƙura, ta kuma tare awaki da kaji, waɗanda ɓarnarsu ta yini guda kan fi ta ƙwari.

Taki sai wanda ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji ƙone dashe yake yi. Gidan da aka shafe da siminti kuwa, buhu ko tsohon bokiti da aka huda gindinsa ya wadatar, muddin yana samun rana.

Ƙwari ba sa ƙarewa. Tsutsar da ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016 tana nan, tana shiga cikin ganye ta yi rami. A ƙaramin lambu ana iya tsinke ganyen da ya kamu a ƙone, a fesa jiƙon 'ya'yan darbejiya. Ƙadangaru ma suna son sabon tsiro, don haka ake lulluɓe wurin reno da tsohon gidan sauro.

Kuɓewa da alayyafo ba sa sauri a cikin sanyi, gara a jinkirta su zuwa ƙarshen Fabrairu, su gaji fangalin da aka cire latas da karas.