INA YA KAMATA A AJIYE SHAFIN CINIKI NA INTANET?

Kowane ɗan kasuwa a ƙasar Ɗanbatta ya san rumbu dabam, rumfa dabam. Rumbu a gida ake gina shi, inda idon mai shi yake kaiwa. Rumfa kuwa a kasuwa ake kafa ta, inda masu saye suke wucewa. Wanda ya kafa rumfarsa a bayan gida don ƙyuyar tafiya, ran Lahadi sai ya wuni yana korar ƙuda, alhali kuwa kasuwa tana can ta cika ta batse.

A zamanin nan wata irin rumfa ta shigo, watau shafin intanet. Mai sayar da taki da iri, da dillalin dabbobi, da mai tara riɗi, kowa yana so ya nuna kayansa a waya. Amma da yawa sukan ba yaro kuɗi ya buɗe musu shafi, ba su tambaya a wace ƙasa za a ajiye shi ba. An shirya wannan takarda ne domin a bayyana abin da ya kamata mutum ya duba kafin ya biya ko kwabo.

MAI MASAUKI

Shafi ba a cikin iska yake ba. Hotuna da rubutu da farashin kaya duk suna cikin wata babbar kwamfuta wadda ba a kashe ta dare da rana. Irin waɗannan kwamfutoci ana tara su a gida guda mai wutar lantarki da sanyi da masu gadi, shi ake kira gidan ajiyar bayanai. Kamfanin da yake ba da hayar wuri a ciki shi ne mai masaukin shafi. Aikinsa ya yi kama da na maigidan da fatake suke sauka wurinsa a Gwanja zamanin fataucin goro: ya ajiye kaya, ya tsare su, ya fito da su in mai saye ya zo.

Suna dabam, masauki dabam. Sunan shafi mai ƙarewa da .ng ƙungiyar NiRA ce take lura da rajistarsa, an kuwa kafa ta a 2005. Amma mutum yana iya samun suna mai .ng, masaukinsa kuwa yana Jamus ko Amurka. Saboda haka ganin suna bai isa shaida ba, sai an tambaya.

NISA

Sa'ad da mutum ya taɓa wayarsa a Ɗanbatta domin ya buɗe shafi, saƙo yakan tashi zuwa turken kamfanin waya, daga nan ya shiga igiyar gilashi wadda aka binne a ƙasa, ya bi ta har inda kwamfutar take, kana amsa ta komo. A cikin igiyar nan haske ne yake ɗaukar saƙo, yana kuwa cin kamar kilomita 200,000 a sakan guda. Gudu ne mai ban mamaki, amma duk da haka nisa bai daina zama nisa ba.

Daga Kano zuwa Ikko, watau Legas, wajen kilomita 1,000 ne. Zuwa da komowa, haske zai ci kashi 1 cikin 100 na sakan. Igiyar MainOne kuwa, wadda aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku daga Fotugal zuwa Ikko a 2010, tsawonta kilomita 7,000 ne. Zuwa da komowa a cikinta kaɗai kashi 7 ne cikin 100 na sakan, ban da tafiyar tudu da tsaye-tsayen hanya. In an haɗa duka, saƙon da ya tafi London ko Farankfot daga ƙasar Kano yakan ci fiye da kashi 10.

Wani zai ce wannan ai ƙiftawar ido ce. Gaskiya ne, da sawu ɗaya ake yi. Amma kafin shafi ya gama buɗewa waya takan aika ta karɓa sau da yawa. In an yi sawu ashirin bi da bi zuwa Turai, an ci sakan biyu ke nan a tafiya kurum. In Ikko ne, ko rabin sakan ba za a ci ba. Mai saye da yake tsaye cikin rana, sabis kuma ba ƙarfi, ba ya daɗewa yana jira. Sai ya rufe ya nemi wani.

HANYAR DA SAƘO YAKE BI

A dā, in mutum biyu a Nijeriya suna kan kamfanoni dabam dabam, sau da yawa saƙonsu sai ya fita ƙasar waje kafin ya komo, kamar mutumin Ɗanbatta ya aika wa na Kazaure wasiƙa ta bi ta Ingila. Domin maganin wannan aka kafa mahaɗar IXPN a Ikko a 2006, inda kamfanoni suke musayar saƙonni a cikin gida. Daga baya ta yi rassa a waɗansu birane, har da Abuja da Kano.

Amfanin wannan ya fito fili ran 14 ga Maris 2024. A ranar igiyoyi huɗu na ƙarƙashin teku, watau SAT-3 da WACS da ACE da MainOne, suka lalace a gaɓar Kwaddebuwa. Intanet ta yi rauni a ƙasashe da yawa na Afirka ta Yamma, har abokan hulɗar waɗansu bankuna suka kasa aika kuɗi, gyara kuma ya ɗauki makonni. Shafin da yake cikin ƙasa, yana kuma haɗe da mahaɗa, ba ruwansa da ƙetare teku kafin ya kai ga mutumin Kano.

Sai dai kada taswira ta ruɗi mutum. Mafi yawan manyan gidajen ajiya na ƙasar nan a Ikko suke, gama can igiyoyin teku suke sauka. Kamfanin waya kuma yana iya kai saƙo Ikko ko Abuja tukuna, ko da kwamfutar tana Kano. Haka kuma Amazon ya buɗe gidajen ajiya a Afirka ta Kudu a 2020, Microsoft a 2019, amma kasancewarsu a Afirka kaɗai ba ya tabbatar da cewa saƙo daga Kano zai fi saurin isa can a kan London. Abin lura shi ne hanyar da saƙo yake bi, ba kusancin da ido yake gani ba.

SU WA SUKE SAYE?

Wannan ita ce uwar tambayoyi. A ɗauki misalin mutum biyu.

Na farko yana sayar da taki da iri da maganin feshi. Masu sayensa manoma ne na Ɗanbatta da Makoɗa da Minjibir da Kazaure da Ɓaɓura, dukansu da waya suke duba shafi. Wannan masaukin cikin Nijeriya ya fi dacewa da shi.

Na biyu yana tara riɗi da zoɓorodo, ya kai Dawanau a tace, a yi lodi zuwa tashar jirgin ruwa. Masu sayen riɗin Nijeriya suna Japan da Turkiyya da Sin, zoɓorodo kuwa Meziko ce babbar kasuwarsa. Wannan mutum ko da yake a Ɗanbatta yake kwana, rumfarsa ba ta mutanen Ɗanbatta ba ce. Masauki a Turai ba laifi ba ne gare shi, ya ma fi masa.

Wanda yake da masu saye gida da waje yana da wata dabara. Akwai kamfanoni, irin su Cloudflare, masu ajiye kwafin hotuna da rubutun shafi a birane da yawa, har da Ikko, kowa a miƙo masa daga reshen da ya fi kusa da shi. Kamar ɗan kasuwa ne mai sito guda, amma yana da yara a kasuwanni bakwai.

KUƊI

Mai masaukin waje da dala yake karɓar haya, ko fam, ko yuro. A farkon Yuni 2023 dala tana kamar naira 460 a farashin gwamnati. Da Babban Banki ya saki farashi a watan nan sai ta haura 750, a Fabrairu 2024 kuma ta wuce 1,500. Wanda yake biyan dala 10 a wata, hayarsa ta ninka uku cikin wata tara, ba a ƙara masa kome ba. Bugu da ƙari, a 2022 bankuna da yawa sun taƙaita biyan kuɗin waje da katin naira, waɗansu suka tsai da shi ɗungum, sai a 2025 suka soma buɗewa. Shafin da ba a biya hayarsa ba kuwa rufe shi ake yi.

Saboda haka wanda cinikinsa na naira ne, gara hayarsa ta zama ta naira. Wanda yake samun dala, biyan dala ba zai dame shi ba. Amma kada araha ta ja mutum, gama araha ba ta ado. Waɗansu masu karɓar naira dillalai ne kurum, sun yi hayar wuri a Turai ko Amurka suna sake bayarwa. Ba haram ba ne, amma wajibi ne su faɗi gaskiya in an tambaye su.

DOKA

Wanda yake karɓar sunayen mutane da lambobin wayarsu da adireshinsu ya ɗauki amana. A Yuni 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, aka kafa hukumar NDPC domin zartar da ita. Dokar ba ta hana ajiya a waje gaba ɗaya ba, amma ta ce ba a fitar da bayanan mutum sai inda akwai isasshiyar kariya, ko da wani dalilin da ta yarda da shi, kamar amincewar mai bayanan. Bayanan gwamnati kuwa, tun 2013 ƙa'idar hukumar NITDA ta ce a cikin ƙasa za a ajiye su. Ɗan kwangilar da yake aiki da ma'aikatun gwamnati lalle ne ya lura da wannan.

WUTA DA GOBARA

Wani yakan ce, me zai hana ya ajiye kwamfutar a kantinsa, ya huta da haya? A Oktoba 2024 manyan layukan wutar lantarki masu zuwa Arewa suka lalace, Kano da maƙwabtanta suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Gidan ajiya na ƙwarai yana da janareto fiye da ɗaya, da batura, da tanadin mai. Kanti ba shi da su.

Ƙasar waje ma ba ta tsira daga tsautsayi ba. Ran 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye wani gidan ajiya na kamfanin OVH a Sitirasbog ta Faransa. Shafuka masu ɗimbin yawa suka mutu a ranar, waɗanda ba su da kwafi a wani wuri suka yi asarar abin da ba ya komowa. Manomi mai hankali ba ya tara dukan hatsinsa a rumbu guda. Ko ina masauki yake, a ajiye kwafi a wani gari dabam.

ABIN DA ZA A YI KAFIN A BIYA

1. A rubuta garuruwan da masu saye suke, a ga inda suka fi yawa.
2. A tambayi mai masauki a wane birni kwamfutarsa take, ya ba da amsa a rubuce.
3. A tambaye shi ko yana haɗe da mahaɗar IXPN.
4. A san kuɗin shekara ta biyu, ba na farko kaɗai ba, da irin kuɗin da za a biya.
5. A tambayi inda ake ajiye kwafi, da kwana nawa nawa ake sabunta shi.
6. A yi rajistar suna da sunan mai kasuwa, ba da sunan yaron da ya buɗe shafi ba, domin a iya ƙaura in masauki ya ɓaci.
7. A rage nauyin hotuna, gama hoto mai nauyi yana cinye datar mai saye ko ina aka ajiye shi.

Daga ƙarshe, a roƙi mai masauki ya nuna wani shafin da yake riƙe da shi. A buɗe shi a tsakiyar kasuwa ran Lahadi, sa'ad da jama'a suka yi yawa, da layin MTN, da na Airtel, da na Glo. A sake gwadawa a ƙauye da dare. Abin da waya ta nuna a wurin ya fi dukan alkawarin da aka rubuta a takarda, gama sai an gwada akan san na ƙwarai.